Tare Ƙasa a Karkarar Arewacin Kano: Daga Jema da Tubali Zuwa Kankare

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir, Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, shimfiɗaɗɗiya ce a idon matafiyi, amma ba ta rasa gangara ba. Jigawa ce mai sauka a hankali zuwa rafuka da fadamu, ruwanta kuma yana bin kogunan Jakara, Tomas, Gari da Watari. Samanta yashi ne mai laushi wanda iska ta jibge tun zamani mai nisa, ƙarƙashinsa akwai jar ƙasa, a wasu wurare har da marmara. Ruwan shekara ba ya zuwa a rarrabe. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa mai saurin kwancewa da ruwa mai zuwa lokaci guda su suka sa tare ƙasa ya zama tsohon aiki a wannan yanki, tun kafin a san siminti.

Yawan jama'a ya ƙara wa aikin nauyi. Karkarar da ke kewaye da Kano na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a ƙasashen da ke kudu da Sahara, abin da ya ja hankalin Michael Mortimore da J. Wilson har suka wallafa bincikensu a kanta a 1965. A nan ba a barin gona ta huta. Ana nomanta kowace damina, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da toka da sharar gida, wani ma a kan jaki ake ɗauko shi cikin mangala daga birni. Saboda haka idan ruwa ya kwashe saman gona, ba yashi kawai ya tafi da shi ba, ya tafi da takin shekaru. Gado kuma yana ta rarraba filaye, gona na ƙanƙancewa daga uba zuwa ɗa, har taku biyu da kwari ya ci a gefen fili ya zama asarar da ake jin ta a rumbu.

Dabarar farko ba gini ba ce, shuka ce. Manomi yakan dasa gamba ko jema a kan iyaka, musamman ta ɓangaren da ruwa ke fita. Saiwar jema tana nitsewa ƙasa sosai, tushenta kuma yana cukuɗewa, sai ruwa ya ratsa ta cikinsa ya bar yashin da ya ɗauko a baya. Bayan 'yan shekaru sai a ga gonar sama ta ɗan ɗara ta ƙasa tudu, da ɗan mataki a tsakaninsu wanda ba wanda ya gina. Gamba kuwa riba biyu ce, domin ita ake saƙa zana da ita. A gefen burtali, inda kofaton shanu ke sassauta ƙasa har hanya ta nitse ta zama magudana, akan kafa shingen aguwa, bini-da-zugu ko dashi, waɗanda reshensu kawai ake cakawa su kama. Lalle ma yana wannan aiki, ga kuɗin ganye. Inda kwari ya fara buɗe baki, akan kafa turaku a gicciye, a cusa kara da ƙaya da ƙirare, damina ta cike bayansu da yashi. Ko yadda ake jan kunya yana cikin lissafi: wanda ya bi gangara da kunyoyinsa ya buɗe wa ruwa hanya, wanda ya gitta su ya rage masa gudu.

Duk waɗannan dabaru hali ɗaya gare su. Ba sa hana ruwa wucewa, ƙasar kawai suke riƙewa. Kuma babu wadda ake yi sau ɗaya a huta, kowace shekara sai an koma kanta.

A cikin gari da gida, aikin na magina ne. Sana'ar gini a ƙasar Kano ta gado ce, da shugabanta Sarkin Magina, kuma babbar shaidarta ita ce ganuwar birni, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara wajen ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Ganuwa ba don tare gangara aka yi ta ba, amma ita ce makarantar sanin yadda tarin ƙasa ke tsayuwa da kansa: gindi mai faɗin gaske, jiki yana sirancewa yayin da ake hawa, nauyin ginin shi ne ƙarfinsa. Garuruwan karkara da yawa sun yi tasu ƙananan ganuwowi, musamman na arewa da suka sha fama da hare-haren Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka daina aikin gayyar gyaransu, damina ta riƙa mayar da su tudu.

Katangar gida ma a kan wannan tsari take. Magini yakan zauna a kan ginin, ana jefo masa tubali daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jera su a tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, faɗi a ƙasa tsini a sama. A gindi yakan jera layi uku ko huɗu, yana ragewa har ya kai ɗaya a ƙololuwa. Idan gida yana kan gangara, akan cike tsakar gida da ƙasa a daɓe, sai katangar ƙasa-ƙasa ta zama ita ke riƙe da cikon. Don haka ake ƙara mata kauri, a yi mata dakali ta waje ya tokare gindinta ya kuma kare shi daga ruwan lungu, a wasu wurare a fara harsashin da marmara ko dutse. Ana yaɓe ta da ƙasa mai haɗe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mai hali kan yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Abin da magini ba ya mancewa shi ne rariya, ƙaramar kafar da ake bari a gindin katanga don ruwan tsakar gida ya fita. Inda rariya za ta zuba kuwa magana ce ta maƙwabtaka. Rigimar ruwan wani da ke kwarara gindin ginin wani tsohuwa ce a gaban mai unguwa da dagaci, wani lokaci har gaban alƙali.

Ƙasar ginin daga kusa ake haƙo ta, ramin ya zama kududdufi, shi kuma ya riƙa karɓar ruwan unguwa. Cike kududdufai don a yi gini a kansu na cikin abubuwan da suka ƙara wa lunguna ruwa a baya-bayan nan.

Siminti baƙo ne da ya zo a makare. Joseph Aspdin ya yi rajistar samfurinsa a Ingila a 1824, shekarar da Hugh Clapperton ya shigo Kano ya tarar da birni na ƙasa zalla. Sai da layin dogo ya iso Kano a 1911 sannan siminti ya fara zuwa da yawa, a lokacin ma na gwamnati da kamfanonin Turawa ne: tasha, gada, kwalbati, kantunan sayen gyaɗa. A karkara, wurin da mutane da yawa suka fara ganinsa shi ne bakin rijiyoyin da En'e ta gina. Masana'antar siminti ta farko a Najeriya ta buɗe a Nkalagu a 1957, ta Ewekoro ta biyo baya a 1960, ta Kalambaina a Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne ya kai shi ƙauye sosai. A wannan zamani, tun daga mulkin Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975), jihar Kano ta shiga gina madatsun ruwa, har arewacin Kano ya samu na Jakara, Tomas, Gari da Watari. Jikin waɗannan madatsu na ƙasa ne da aka daddanne, aka lulluɓe fuskarsa da duwatsu, kankare kuwa yana mafitar ruwa. Irin waɗannan ayyuka da na tituna su suka yaye birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da suka koma garuruwansu da sabuwar sana'a.

Tare da siminti sai ga kwano da kwalta, su kuma suka sauya halin ruwa. Rufin kwano yana zubar da duk abin da ya sauka a kansa nan take, daɓen siminti ba ya shan ko ɗigo, titi kuma yana tattara ruwan wuri mai faɗi ya tura shi ta bakin kwalbati ɗaya. Kwaruruka da yawa a yankin daga bakin kwalbati suka faro. Ɗibar yashi da tifa a rafuka ta ƙara zurfafa su, gaɓa ta riƙa zubewa tana matsowa gidaje. Kayan da aka kawo don ƙarfafa gini su suka ƙara buƙatar bangon tare ƙasa.

A nan ne aka fi yin kuskure. Katangar bulo mai inci 6 ko inci 9 sutura ce, an yi ta ne ta tsaya da iska a gaba da baya. Amma mai gida kan zagaye filinsa da ita, ya zuba tifa-tifa na ciko a bayanta don ya daidaita tsakar gida, ya kuma shafe ta da filasta ba tare da kafa ko ɗaya ba. Damina ɗaya ko biyu sai ta yi ciki, ta tsage daga kusurwa, wata rana cikin ruwan dare ta kwanta a lungu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai buga bulo, wai ya tsawaita buhu. Yana iya zama da nasa laifin, amma ko bulon kirki ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Dalilin sananne ne tun da Coulomb na Faransa ya yi lissafin turin ƙasa a 1776, Rankine na Birtaniya ya ƙara a kai a 1857. Mita ɗaya ta ko'ina ta ƙasa tana da nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi, kuma tana tura bango ta gefe, turin yana ƙaruwa da zurfi. Idan aka ninka tsayin ciko sau biyu, turin yana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da bangon kuwa sau takwas. Shi ya sa bango mai ƙafa biyu ke yafe sakaci, mai ƙafa shida ba ya yafewa. Idan ruwa ya taru a bayan bango bai samu mafita ba, sai nasa turin ya hau kan na ƙasa, har jimillar ta iya ninkawa, ga shi kuma yana tausasa ƙasar da harsashin ke zaune a kai.

Bangon da aka yi bisa ƙa'ida iri biyu ne a yankin. Akwai na dutse da siminti, mai faɗin gindi da siririn kai, wanda nauyinsa ke riƙe shi. Wannan jikan ganuwa ne, kuma ya fi sauƙi inda dutse ke kusa, kamar wajen Kazaure da ke maƙwabtaka. Akwai kuma na kankare da rodi, wanda ake zuba masa faffaɗar ƙafa a ƙarƙashin ƙasa, faɗinta wajen rabin tsayin bangon ko fiye, yawancinta ta shige ƙarƙashin cikon, ta yadda ƙasar da ke tura bangon ita ce kuma ke danne ƙafarsa. Rodin da ke aiki yana ɓangaren da ƙasa take, domin nan ne kankare ke son tsagewa, kuma dole ya lanƙwasa ya shiga cikin ƙafar. Birkila kan auna kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ko da yake bango mai tsayi aikin injiniya ne. Ana saka guntayen fayif a gindi jifa-jifa, a zuba tsakuwa a bayansu don kada ƙasa ta toshe su. Wannan ita ce rariyar da. Kankare na buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, abin da zafin bazara da tsadar ruwan 'yan garuwa kan sa a yi wa ƙwauro, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Wanda ya yi gaggawar zuba ciko kafin nan ya raunana bangonsa da hannunsa.

Tsada ce ta hana irin wannan bango yaɗuwa. Manomin da ke sayen siminti buhu-buhu bayan kaka ba zai binne rabinsa a ƙasa inda ba mai gani ba. Abin da aka fi gani a ƙauyuka shi ne gauraye: buhunan siminti ko na taki da aka cika da yashi aka jera a bakin lungu, tsofaffin tayoyi, layi biyu ko uku na bulo da aka cika ramukansa da kankare a gindin tsohuwar katangar ƙasa, da shingen kashe-kwari a bakin rafi. Manyan kwaruruka kuwa sun fi ƙarfin gida ɗaya, sun koma hannun hukuma. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun kula da muhalli a 1981. Shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP na Bankin Duniya, wanda ya faro daga jihohin kudu, ya iso Kano daga baya, sannan a ƙarshen 2021 bankin ya amince da shirin ACReSAL mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja.

Injiniyoyin irin waɗannan ayyuka ba kankare kaɗai suke dogara da shi ba. Suna amfani da kejin waya da ake cika shi da duwatsu, wanda ruwa ke ratsawa kuma yake lanƙwasa idan ƙasa ta zauna maimakon ya tsage. An yi amfani da shi sosai a aikin Keita na jihar Tawa a Nijar, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, tare da jerin duwatsu a gicciyen gangara. A kan duwatsun Mandara kuwa, mutanen Sukur da Gwoza sun daɗe suna riƙe gonakinsu hawa-hawa da bangon dutse marar siminti. A bayan keji da gefen magudanar kankare, ciyawar da aka fi ba da shawarar dasawa don ta kama sabon ciko 'yar'uwar jema ce da aka samo daga Indiya, ana jera ta a gicciye, tsakanin tushe da tushe bai wuce tafin hannu ba.