Tarihin awon ciki a ƙasarmu

Jama'a, ku tambayi kakanninku. A zamaninsu babu awon ciki. Mace tana ɓoye cikinta don kunya, balle na fari. Ba a kiran ungozoma sai jinjiri ya faɗo: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi mashi wanka. In akwai ciwo ɓoye a jikin mai ciki, ba a sani sai ranar naƙuda. Mata da yawa sun rasu ta haka, wasu da jijjiga, wasu da zubar jini.

Cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka fara tara ungozomomin ƙauye, ana koya masu tsabta da gane mai cikin da ya kamata a kai likita. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awo. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, maimakon sau 4 na da, kuma a fara kafin ciki ya wuce wata 3.

Me ake yi ranar farko? Ungozomar likita za ta tambayi mace yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Ta auna nauyinta, ta duba hawan jini, a gwada jini da fitsari. A ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da sange. Akwai kuma allurar tetanos, ciwon da ke shiga ta cibin jinjiri. Maganin hana zazzaɓin sauro kuwa, sai ciki ya shiga wata 4.

Maigida, kakanninmu ba su samu wannan dama ba. Kada ka jira ciki ya fito fili. Kai iyalinka awo da wuri.