Makirufon naɗar sauti a gida

Makirufon naɗar sauti a gida shi ne makirufo mai sauƙin kuɗi da ake ɗaukar murya ko kiɗa da shi a ɗakin da ba don aikin sauti aka gina shi ba. Shi makirufo na'ura ce da ke mayar da girgizar da sauti ke yi a cikin iska zuwa siginar lantarki, wadda kwamfuta ko waya za ta iya adanawa. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "ƙarami" da "sauti". Masu amfani da irin wannan makirufo sun haɗa da mawaƙa masu tasowa, da masu shirin fodkas, da malamai masu naɗar karatu, da masu ɗora murya a kan bidiyo, da ɗalibai masu nazarin harshe. Abin da ya fi tasiri wajen zaɓensa shi ne yanayin ɗakin da za a yi aikin, sai na'urar da za a jona shi da ita. Farashi yana zuwa ne daga baya, domin makirufo mai tsada a ɗaki mai hayaniya yakan ba da sautin da bai kai na mai araha da aka yi amfani da shi yadda ya dace ba.

Tarihi

An ƙera makirufo na farko mai aiki sosai a shekarun 1870, kuma da garin gawayi yake aiki. David Edward Hughes a Ingila da Emile Berliner da Thomas Edison a Amurka duk sun yi aiki a kansa, kuma shi aka daɗe ana sa wa a wayar tarho. A 1916 E. C. Wente ya ƙirƙiro makirufon kondensa a kamfanin Western Electric. Abin da ya sauko da farashin makirufo ƙwarai shi ne nau'in ilektiret, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1962. Yana da arahar ƙerawa, ga shi ƙarami, kuma shi ne a cikin yawancin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. A shekarun 2000 makirufo mai USB ya yaɗu, sai naɗar sauti ta zama aikin da mai kwamfuta ɗaya zai iya yi a ɗakinsa.

Dainamik da kondensa

Kusan duk makirufon da ake sayarwa don aikin gida yana cikin ɗaya daga waɗannan nau'i biyu.

A cikin dainamik akwai wata siririyar leda mai kama da fatar ganga, an haɗa ta da naɗaɗɗiyar waya wadda ke zaune a tsakiyar maganaɗisu. Idan sauti ya girgiza ledar, wayar na motsi, motsin kuma ya haifar da lantarki. Ba ya buƙatar batir ko wata wuta daga waje. Yana jure faɗuwa da zafi da ƙura, shi ya sa shi ake gani a masallatai da wajen biki da taron siyasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Shure SM58, wanda ya fito a 1966 kuma har yanzu ana ƙera shi. Ya daɗe ana sayar da shi a kan kusan dala 100 a Amurka. Behringer XM8500 yana da irin siffarsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin wannan ba. Rauninsa shi ne siginar da yake fitarwa ba ta da ƙarfi, sai an matso kusa da shi, kuma sai an sami na'urar da za ta ɗaga ta.

Kondensa kuwa yana da leda mafi siranta, an ajiye ta dab da wani faifan ƙarfe ba tare da sun taɓa juna ba. Sauyin tazarar da ke tsakaninsu shi ne ke zama sigina. Saboda ledar ba ta da nauyi, yana kama ƙananan sautuka kamar shaƙar numfashi da karkarwar tsirkiyar gurmi. Yana buƙatar wuta, galibi bolt 48 da ke bi ta cikin wayar makirufon kanta, wadda ake kira wutar fantom. Audio-Technica AT2020 misali ne na kondensa mai sauƙin kuɗi, kuma idan babu wannan wuta ba zai fitar da ko uffan ba. Danshi da ƙura suna cutar da ledarsa, don haka ana so a riƙa mayar da shi cikin jakarsa bayan aiki, musamman a lokacin hunturu da damina.

Ana yawan cewa dainamik "ba ya jin hayaniya", kondensa kuma "yana kwashe komai". Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba haka abin yake daidai ba. Babu makirufon da ya san bambancin muryar mai shi da kukan akuyar maƙwabta. Abin da ke faruwa shi ne dainamik yana tilasta wa mai magana ya kawo bakinsa kusa, sai muryarsa ta fi sauran sautukan ɗakin ƙarfi nesa ba kusa ba. Kondensa kuwa sau da yawa ana ajiye shi a kan tebur, nesa da baki, a ƙara masa ƙarfi, sai ya ɗauko murya da ɗakin gaba ɗaya. Duk da haka sakamakon ɗaya ne: a ɗakin da ba a gyara ba, dainamik ya fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga.

Ɓangaren da yake ji

Makirufo mai siffar zuciya, wato kadiyoyid, yana ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, kuma kusan ba ya ji ta baya. Shi ya dace da mutum ɗaya, domin ana iya juya bayansa ga taga ko fanka. Akwai mai ji ta ko'ina, wanda ya dace da hira a zagaye, da mai ji ta gaba da baya kawai, don mutum biyu masu fuskantar juna. Blue Yeti, wanda ya fito a 2009, yana da maɓallin sauya waɗannan tsare-tsare. Shi da AT2020 ta gefe ake yi musu magana, ba ta saman kai ba, kuma mutane da yawa suna kuskuren nuna kansa ga bakinsu kamar makirufon hannu.

USB ko XLR

Makirufo mai USB yana ɗauke da duk kayan aikinsa a ciki. Ana jona shi da kwamfuta kai-tsaye, kuma da yawa suna aiki da wayar Android idan an sami mahaɗin da ya dace. Mai XLR, wato mahaɗi mai tsinke uku, ba ya shiga kwamfuta sai ta wani akwatin haɗa sauti, wanda masu situdiyo ke kira saun-kad, kamar Focusrite Scarlett. A nan ne lissafi ke ruɗar mai saye. Kuɗin makirufon kaɗai yake dubawa, alhali akwatin na iya kai kuɗin makirufon ko ya fi, ga waya, ga sandar ɗorawa, ga abin sauraro na kunne. Amfanin XLR shi ne ana iya sauya makirufo daga baya a bar akwatin, kuma ana iya jona makirufo biyu a lokaci guda, abin da ke da wahala da USB. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x dainamik ne masu mahaɗan biyu, don haka ana iya farawa da USB a koma XLR ba tare da an sayi sabo ba.

Ga mai waya kaɗai, ɗan makirufon wuyan riga kamar Boya BY-M1 ya wadatar wajen naɗar darasi ko hira. Sai dai a lura da filoginsa: na waya yana da baƙin zobe uku, na kyamara yana da biyu, kuma idan aka sa wanda bai dace ba wayar takan ci gaba da ɗauka da makirufonta na ciki ba tare da mai ita ya ankara ba.

Akwai kuma kondensa mai arahar gaske da ake sayarwa da sunan BM-800 a ƙarƙashin tambura barkatai, sau da yawa tare da sanda da soso. Kyan ganinsa ya fi aikinsa. Ƙaramin ilektiret ne a cikin babban gida, kuma ingancinsa yana bambanta daga wannan zuwa wancan.

Ɗaki da tazara

A fili, duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6, hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Saboda haka matsowa daga taku ɗaya zuwa faɗin tafin hannu yana gyara sauti fiye da ƙarin kuɗi mai yawa. Matsowar tana da nata tasirin: makirufo mai siffar zuciya yana ƙara wa murya kauri idan aka zo dab da shi. Masu gabatar da shiri a rediyo suna son wannan kauri, amma idan ya yi yawa magana takan dushe.

Bangon siminti da daɓen tayil da rufin kwano marar silin suna mayar da sauti, sai a ji muryar kamar daga cikin rijiya. Abubuwa masu laushi da kauri ne ke shanye wannan amsa-kuwwa: katifa a jingine da bango, labule mai nauyi, darduma, bargo, ko buɗaɗɗiyar durowa cike da tufafi a bayan mai magana. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, duk da shaharar da ya yi a ƙananan situdiyo, ba ya hana ƙarar waje shigowa, kuma abin da yake shanyewa kaɗan ne.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar akwai ƙarin matsala biyu, janareta da fanka. Rurin janareta yana ratsa bango, kuma ba a iya cire shi daga baya ba tare da an taɓa muryar ba. Wutar lantarkin ƙasashen biyu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau takan shigar da gunjinta cikin abin da ake naɗa. Mafita mai sauƙi ita ce a zare cajar kwamfutar a yi aiki da batir, a kashe fanka na 'yan mintocin da za a yi ana ɗauka. Wannan ma wani dalili ne da ke fifita makirufon da ke samun wutarsa daga kwamfuta ko waya.

Naɗar maganar Hausa

Wasu sautukan Hausa suna gwada makirufo. Harafin f, wanda Hausawa da yawa ke furtawa da leɓɓa biyu, wani lokaci har ya yi kama da p, yana huro iska kai-tsaye ga ledar, sai a ji "buf" a cikin naɗin. Tunkuɗau, wato ƙ da ts, suna fita da fashewa mai kaifi wadda ke iya wuce iyakar da na'urar ke ɗauka idan an ƙara ƙarfi da yawa. Maganin duka biyun shi ne rariyar iska, wani zagayayyen ƙyalle da ake kafawa tsakanin baki da makirufo, ko kuma a karkata makirufon kaɗan zuwa gefen baki. Ana iya haɗa rariyar da safar mata da zoben waya, kuma tana aiki kamar ta kanti.

Mai naɗa don nazarin harshe yana da buƙata dabam da ta mawaƙi. Karin sauti ne ke bambanta "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, tsawon wasali kuma ke bambanta "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Don a auna irin waɗannan a manhaja kamar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, ana son sauti yadda ya fito, ba wanda aka ƙawata ba. Shi ya sa ake fifita makirufon da ake ɗaurawa a kai, domin tazararsa da baki ba ta sauyawa ko da mai magana ya juya. Ana adana naɗin a tsarin WAV maimakon MP3, kuma ana kashe tsarin rage hayaniya na waya, wanda kan yanke ƙarshen wasali da sautuka marasa ƙarfi. Saƙon murya na WhatsApp bai dace da wannan aiki ba saboda matse shi da ake yi.

Alƙaluman jikin kwali da kayan jabu

Kusan kowane kwali yana ɗauke da rubutun cewa makirufon yana kama girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, wato iyakar jin ɗan'adam. Wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna inganci. SM58 yana tsayawa ne tsakanin 50 da 15,000, kuma hakan bai hana shi zama makirufon manyan mawaƙa ba. A kondensa, adadin da ya fi amfani shi ne na shuu ɗin da makirufon ke yi da kansa: na AT2020 desibel 20 ne, na Rode NT1-A kuwa 5, kuma ƙarami shi ne mafi kyau. Ga mai USB, ɗauka 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa ta isa kowane aikin murya.

Shahararrun makirufo, musamman SM58, suna da jabu masu yawa a kasuwa, kuma kwalinsu yakan yi kama da na asali har a rasa bambancewa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa alama ce, haka ma rashin nauyi a hannu. Idan mai kanti ya yarda, ana jona makirufon a naɗi minti ɗaya da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce: rabinsa magana, rabinsa shiru. A saurara da abin kunne, ba da lasifikar waya ba. A cikin shirun ne ake jin shuu da gunjin lantarki, kuma idan aka motsa wayar a daidai mahaɗinta aka ji ƙaras-ƙaras, to akwai matsala a haɗin.