Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Gina Gida a Ƙasar Kankiya da Kusada

A zamanin iyayenmu, idan magidanci ya ƙudurta gina wa ɗansa muhalli, sai ya dakata har kaka ta wuce. Da rani ya kama, a haƙo ƙasa a kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa, a mulmula tubali. 'Yan'uwa da maƙwabta su yi gayya, magina su ɗora bango. Azara daga giginya ake tsago ta, makuba kuwa daga kwasfar ɗorawa, da ita ake shafe bango da daɓe don kada damina ta ci su. Ɗakin amarya bai wuce gadon kara da tabarma da jeren ƙore ba, kafin tasoshi da kwanoni su shigo.

Kuɗin Udoji na 1975 su suka yawaita rufin kwano da gadon ƙarfe a gidajen ma'aikata. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, bulo da siminti suka ƙara samun gindin zama. Gini ya yi ƙarko, amma ɗaki ya yi zafi, gayya ta ja baya, kayan jere suka zama gasar da ke jefa iyaye cikin bashi.

Saboda haka, ya kamata wannan ƙungiya tamu ta ja hankalin jama'a su sassauta gasar kayan ɗaki, a kuma dasa giginya da ɗorawa, a girmama tsofaffin maginanmu tun suna raye. Allah Ya albarkaci gidajenmu, amin.