Lambar Da Ta Ɓoye Sirrinta Har Shekara 259

Masana lissafi sun kasa lambobin da suka wuce 1 gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15, wadda 3 sau 5 ke bayarwa. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7 ko 31, waɗanda babu abin da zai raba su daidai sai 1 ko su kansu. Gane gidan da ƙaramar lamba take ba wuya. Amma idan lamba ta yi tsawo, to nan ake yin ta.

A shekarar 1644 wani malamin coci ɗan ƙasar Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa jerin lambobin da ya ce ba su rabuwa. Ga yadda ake samun ɗaya daga cikinsu: mai karatu ya ɗauki 1 ya ninka ta zama 2, ya sake ninkawa ta zama 4, ya yi ta yi har sau 67, sannan ya cire 1. Abin da zai samu shi ne 147,573,952,589,676,412,927. Mersenne bai kawo hujja ba, amma saboda girmansa a idon masana, maganar ta zauna.

Sai a 1876 wani Bafaranshen, Edouard Lucas, ya nuna cewa lambar tana rabuwa. Sai dai dabarar tasa ba ta bayyana lambobin da ke raba ta. Wato an tabbatar akwai ɓarawo a gari, amma ba a san fuskarsa ba.

A watan Oktoba na 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York, Farfesa Frank Nelson Cole ya kawo ƙarshen zancen. Kamar yadda marubuci Eric Temple Bell ya ruwaito, Cole ya miƙe ya nufi allo bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ya buga 193,707,721 sau 761,838,257,287 da hannu. Amsoshin biyu suka zo daidai. Ya koma ya zauna, jama'a suka kaure da tafi. Bell ya ce aikin ya cinye wa Cole ranakun Lahadi na shekara uku.

Ba a nan kaɗai Mersenne ya yi tuntuɓe ba. Ya saka ta ninki 257 alhali tana rabuwa, ya kuma tsallake na 61 da 89 da 107. Duk da haka sunansa irin waɗannan lambobi ke ɗauke da shi, har da wadda aka gano da kwamfuta a 2024, mai alƙaluma sama da miliyan 41.

To, 'yan'uwa marubuta, mu duba da kyau. Sau nawa muke kwafo zance daga littafin wani babba mu wuce, ba tare da mun bincika ba? Kuskuren da aka buga a takarda yana iya fin mai shi tsawon rai, kuma ba ya gyaruwa sai an sami mai haƙurin Cole.