Tsargiya da Katantanwa: Tarihin Cutar Kududdufi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san kududdufi. Daga nan aka haƙo ƙasar da aka gina gidajenmu, ramukan kuwa suka zama matattarar ruwan damina, wurin wankan yara da shayar da dabbobi. A irin wannan ruwa ne ake kwasar tsargiya. Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce, alhali kuwa wata tsutsa ce ke zaune a jijiyoyin mafitsara.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. A 1910 an gano ƙwan tsutsar a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Wanda ya fara ganin tsutsar kanta shi ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, a Alƙahira a 1851. Amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar cewa sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta kama mutum. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka.

Mu ma nan gida an yi aiki. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool sun bi diddigin cutar a ƙasar Malumfashi. A wannan zamani ne kuma aka samo maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu.

Daga baya bincike ya koma kan ƙwayoyin gado. A 2012 aka fitar da cikakken tsarin gadon tsutsar da ke sa fitsarin jini, a 2022 kuma na katantanwar da ake kira Bulinus truncatus. Irin wannan bincike ya nuna cewa tsutsar mutane da ta shanu suna barbarar juna, an kuma ga 'ya'yansu a Senegal da Nijar. Har ila yau, da cutar ta ɓulla a tsibirin Kosika na Faransa a 2013, gwajin gado ya nuna asalinta daga Senegal yake.

To, 'yan'uwa da malamanmu, darasin da na ɗauka shi ne magani kaɗai ba ya raba mu da tsargiya. Yaron da ya sha ƙwaya yau, in ya koma kududdufi gobe, zai sake kamuwa. Ga shi kuma akwai alamar cewa sai an duba har shanun da ke shan ruwan. Saboda haka nake roƙon ƙungiyarmu ta sa rijiyar burtsatse da makewayi cikin ayyukanta na unguwanni, domin rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu iko, amin.