Takardar Tambayoyi da Majinyacin Rijiyar Zaki

Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna inda jini ya zuba, amma ba ya nuna ko mutum na tuna raka'a nawa ya sallata. Shi ya sa likitoci ke dogara da takardun tambayoyi da majinyaci ke amsawa da kansa bayan shanyewar ɓarin jiki ko buguwar kai a haɗarin babur. Cikinsu akwai Stroke Impact Scale, wadda Pamela Duncan da abokan aikinta suka fitar a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1999. Sigarta ta uku na da tambayoyi 59 a fannoni 8. A 2014 Ashiru Hamza Mohammad da abokan bincikensa suka wallafa sakamakon gwajin fassararta ta Hausa. Aiki ne na yabo, sai dai a ganina ma'aunin da aka inganta a asibitin birni yana buƙatar sabon gwaji a ƙauye.

Asalin takardar na tambayar ko mutum na iya yanka abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, ko ɗaure igiyar takalmi. Manomin karkarar Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo, abin da ya dame shi daban ne: tsugunno, alwala da hannu ɗaya, tashi daga sujada, riƙe fartanya idan damina ta faɗi. Tambayar da ba ta taɓa rayuwarsa ba, amsarta ba ta auna komai.

Akwai kuma matsala mafi zurfi. Wanda bai yi boko ba karanta masa ake yi, galibi ɗansa ko matarsa na tsaye a gefe. Dattijon da aka tarbiyyantar a kan haƙuri da kunya ba zai ce fitsari na kufce masa ba a gaban 'ya'yansa. Zai ce da sauƙi, ma'aikaci ya rubuta maki mai kyau. Ga shi kuma rauni a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa kan hana mutum gane nakasarsa, ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma har zuciyarsa haka yake gani.

Saboda haka maimaita tambayoyi bayan mako biyu a samu amsa iri ɗaya bai wadatar wajen tabbatar da ingancin ma'aunin ba, domin kunya ma tana maimaita kanta. Dole masu bincike na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su fita karkara, su tambayi majinyaci a keɓe, mace ta tambayi mace, sannan a gwama amsarsa da ta mai jinyarsa da abin da likitan gashi ya gani yana yi da hannunsa.