Daga FORTRAN Zuwa Copilot: Tafinta Biyu, Amana Daban

A farkon shekarun 1950, duk mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya yi mata magana da harshenta, wato jerin lambobi da gajerun umarni. A 1957 tawagar John Backus ta kamfanin IBM a Amurka ta fitar da FORTRAN. Mutum ya rubuta lissafinsa kusan yadda yake a takarda, wata manhaja kuma ta yi masa tafinta zuwa harshen na'ura.

Gwanayen lokacin sun yi shakka, suna ganin fassarar inji ba za ta kai aikin hannunsu sauri ba. Backus da abokansa sun san haka, shi ya sa suka ba da ƙarfinsu wajen ingancin fassarar. Ba a jima ba masu shakkar suka sallama.

Sai dai wahalar ba ta ƙare ba, wuri ta sauya. A 1986 Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a IBM, ya yi bayanin cewa abu mafi wuya a gina manhaja shi ne yanke shawarar ainihin abin da za a gina.

A Yunin 2021 GitHub ya gabatar da Copilot, ChatGPT kuma ya biyo baya a Nuwamban 2022. Yanzu da zance na yau da kullum ake ba da umarni, ƙirƙirarriyar basira ta rubuta manhajar. A nan kamanceceniyar ta tsaya. Tafintan Backus ƙa'ida yake bi: abin da aka ba shi jiya, idan aka maimaita yau, amsar ɗaya ce. Sabon tafintan kuwa hasashe yake yi daga ɗimbin rubutun da aka horar da shi a kai. Yakan cike giɓin da aka bar masa da zato, har ya ambaci wata manhajar taimako da babu ita, ba tare da ya nuna alamar kokwanto ba.

Saboda haka mai amfani da shi sai ya fayyace buƙatarsa filla-filla, ya raba aikin ƙanana-ƙanana, ya karanta abin da aka rubuta masa, sannan ya gwada kafin ya yarda. Karɓar manhajar da ba a karanta ba cinikin biri ne a sama. Ranar da lissafin albashin ma'aikata ya karkace, wanda ya sa hannu za a nema.